Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: makiyayin Damargu da tallafin abincin dabbobi

Ƴan'uwa makiyaya da membobin ƙungiyoyi na Tanut da Belbeji, kowace bazara tambayarmu ɗaya ce: yaushe motar dusa za ta iso? Gwamnati takan sayar da dusar alkama da ƙuli-ƙulin auduga a farashi mai rahusa idan ciyawa ta yi ƙaranci, kuma takan yi rigakafin ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki kyauta. Wannan taimako ya ceci garke da dama. Amma ra'ayina shi ne, ƙungiyar da ta ɗora lissafin shekararta a kansa kaɗai ta jingina da bangon da ba ita ta gina ba.

Ku tuna 2023. Bayan canjin mulki na 26 ga watan Yuli, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi, Bankin Duniya, mai ɗaukar nauyin shirin PRAPS na makiyayan Sahel, ya tsayar da sakin kuɗi na wani lokaci, CEDEAO kuma ta rufe iyakoki har watan Fabrairun 2024. A shekarar ce Najeriya ta cire tallafin man fetur, naira ta faɗi, ɗan kasuwar Kano da ke sayen ragunanmu ya zo da kuɗi marasa nauyi. Babu makiyayin Tarka ko Gangara da aka yi shawara da shi, amma a garkensa abin ya sauka.

Ko a shekarar da komai ke tafiya daidai, buhunan rahusa ba sa isar kowa, kuma sau da yawa sai dabba ta rame suke isowa. Saniyar da ta kwanta a watan Yuni, buhu ɗaya ba ya tayar da ita. Yunwa kuma ita ce ke buɗe wa cuta ƙofa: dabbar da ta rame ba ta jure tsutsar ciki, ba ta ɗaukar ciki, nononta ya ƙafe. Waɗanda suka ga 1984 da 2010 sun san inda wannan hanya take kaiwa.

Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce ta mayar da lissafinta zuwa kaka. A watan Oktoba da Nuwamba dabbobi na da ƙiba, suna da daraja a kasuwar Tanut da Bakin Birji, harawa da kara da dusa kuma suna da araha. A lokacin ya kamata a fitar da tsofaffin shanu da mazan da ba a buƙata, a sayi abinci a zuba a bankin abincin dabbobi. Da sanyin safiya ake kamun fara. Wanda ya jira bazara zai sayar da biyu ramammu ya sayi abin da ɗaya mai ƙiba za ta saya masa da kaka.

In buhunan rahusa sun iso, kada a raba su a watse. A sayar wa membobi da ɗan ƙari kaɗan, a rubuta a littafi, a ajiye kuɗin a asusun ƙungiya, domin su zama jarin kaka mai zuwa. A ware wani kaso na maganin tsutsa da rigakafin saifa da harbin daji, da ladan mataimakin likitan dabbobi na kusa da mu, don kada ya bar aikin ranar da wani shiri ya naɗe tabarmarsa.

Na san abin da za a ce: mai awaki biyar me zai sayar? Gaskiya ne, kuma saboda shi ne ma ake ƙungiya. A ba shi buhu bashi, ya biya da kaka, a sa mata masu kiwon gida a gaban layi. Wasu kuma za su ce rage garke rage mutunci ne. Ni dai na fi ganin mutunci a shanu 20 da suka kai damina a tsaye, a kan 30 da aka bar rabinsu a daji.

Wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayun 2010 ta amince da ƴancin yawon kiwo, kuma haƙƙinmu ne mu nemi a kiyaye burtali da mashaya. Haƙƙinmu ne mu tambayi magajin gari da ma'aikatar kiwo buhu nawa aka ware wa ƙaramar hukumarmu, a nawa, kuma su wa ke cikin jerin. Ƙungiya mai takardu da asusu da littafi tsaf ita ake saurara a irin wannan zama.

Kafin ƙarshen kakar bana, ku kira taro, ku ƙirga dabbobinku, ku lissafa buhu nawa za su kai ku ruwan farko. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.