Hoton MRI da ciwon kwankwason dattijai

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka ɗauki hoton MRI kamar hukuncin alƙali. Dattijo ya zo da ciwon kwankwaso, hoto ya nuna hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙasan ƙashin baya ta tsuke, shi ke nan sai a fara maganar tiyata. Amma a 1990 Scott Boden da abokan aikinsa a Amurka sun ɗauki hoton mutane 67 da ba su taɓa kukan baya ba, sai ga kashi 21 cikin ɗari na masu shekara 60 zuwa sama da wannan tsukewar, alhali lafiyarsu ƙalau. Ga kuma wani abu: a kwance ake ɗaukar hoton, ita kuwa hanyar ta fi matsewa idan mutum ya miƙe tsaye. Shi ya sa na fi yarda da likitan da zai zauna ya yi tambaya. Baba, ƙafafun suna yin nauyi da sanyi in ka yi tafiya? In ka zauna ko ka duƙa, ciwon yana lafawa? Wanda ke samun sauƙi da ya tsaya cak, ba sai ya zauna ba, ƙila jijiyoyin jini ne suka toshe, sai a taɓa bugun jini a ƙafarsa. Hoton yana da ranarsa, musamman in za a yi aiki, ko fitsari ya fara gagara, wanda wannan kam ba a kwana da shi a gida.