Shawara ga Maigida: In Mota Ta Ɗauki Kuka Ba Rimot a Hannu

A wannan wata zancenmu a kan jiniyar mota ne, wadda ake sa wa saboda ɓarayi. A zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, makullin ƙarfe kaɗai ya ishi direba. Yanzu kuwa motocin da ake shigo da su ta Kwatano yawancinsu da jiniya suke zuwa, sau da yawa kuma da rimot ɗaya tak. Ran da ya ɓace, ko batirinsa ya mutu, ranar ake sanin amfaninsa.

Kada a ɗauki abin da wasa. A ƙasar Tofa gidaje kusa suke da juna, dare kuma tsit yake. In mota ta ɗauki kuka tsakar dare, unguwa duka za ta tashi, 'yan sintiri su fito da sanduna. Wanda aka tarar yana kokawa da ƙofar mota cikin duhu, ba lalle a tsaya jin ta bakinsa ba. Saboda haka kafin ka taɓa kome, haska tocila, ka ɗaga murya ka faɗi sunanka. In kai baƙo ne, kira mai masaukinka ya tsaya kusa da kai. Takardun motar kuma su kasance a hannu.

To, sai aiki. Na fari, sa makulli a ƙofar direba, ka kulle, ka sāke buɗewa. Jiniyar da ta zo da motar tun daga masana'anta takan yi shiru da wannan. In rimot ɗinka irin wanda ba a ganin ƙarfe a jikinsa ne, duba da kyau, akwai siririn makulli a ɓoye cikinsa.

Na biyu, shiga ka murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ko ka ta da injin. In motar mai maɓallin tayarwa ce, rimot kuma batirinsa ne ya mutu, kara shi a jikin maɓallin ka danna. Yawanci za ta gane shi.

Na uku, in jiniyar irin wadda mai gyaran wayar mota ya ɗaura daga baya ce, akwai wani ɗan maɓalli da akan ɓoye ƙarƙashin sitiyari. A murɗa makulli, a danna shi nan da nan. Yawan dannawar ya bambanta, don haka tambayi wanda ya ɗaura tun ba ka shiga uku ba.

In duk waɗannan sun ƙi, kashe injin, ka buɗe bonet, ka kwance wayar batir ta gefen da ke da alamar ragi, wato baƙar. Sifana mai lamba 10 takan yi. Kada ka fara da ja, gama in sifana ta haɗa shi da jikin mota, wuta za ta tashi. Dakata 'yan mintoci ka mayar. Amma ka sani agogo zai ɓaci, rediyo na iya neman lambarsa ta sirri, wata jiniyar ma tana da nata batir, ba za ta daina nan take ba.

Abu guda kada ka yi: yanke waya da wuƙa. Masu launin rawaya na balan-balan ɗin da ke tare mutum lokacin haɗari ne. Yawancin motocin da aka ƙera wa Turai daga 1998 kuma ba sa tashi sai da makullinsu na ainihi mai ƙwaya a ciki. Ka yanke waya, kuka ya tsaya, mota ta ƙi tashi, an gudu ba a tsira ba.

In jiniya ta riƙa tashi ba dalili, yawanci batirin mota ne ya yi sanyi, ko ƙurar hunturu ta cika maɓallin bonet, ko awaki ne ke hawa. Kai ta wurin mai gyaran waya ya auna.

Rigakafi ya fi magani. Batirin rimot ɗan faifai ne kamar kwabo, lambarsa na rubuce a bayansa, da yawa CR2032 ne. In ka shiga Kano, ko ka biya Ƙofar Ruwa neman kayan mota, sayi guda ka ajiye. A sa a yi rimot na biyu, a ba uwargida ta adana, a kuma nuna mata waɗannan dabaru, gama ba kullum maigida yake gida ba.

Sai wata mai zuwa. Ku huta lafiya.