Sharhi: A Gwada Baƙin Dutse Kafin A Sa Masa Farashi

Tsofaffin 'yan kasuwar Gombe, daga unguwar Madaki har Tudun Hatsi, sun san cewa a zamanin cinikin auduga ba a biyan kuɗi sai malamin awo ya duba kaya ya faɗi darajarsu. Wannan ƙa'ida ce ya kamata masu sha'awar harkar ma'adinai su riƙe, musamman game da baƙin dutsen da ake kira manganis, wanda ake samu a wurare irin su Wasagu ta Jihar Kebbi.

Manganis ba iri ɗaya ba ne. Yana zuwa cikin duwatsu masu kama da juna, amma kasuwarsu daban. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake haƙowa a duniya masana'antun ƙarfe ne ke saye, kuma suna biya ne gwargwadon yawan manganis ɗin da ke cikin kowane tan. Dutse mai kashi 44 cikin 100 ana ɗaukarsa mai kyau, mai kashi 20 kuwa da ƙyar zai biya kuɗin mota.

Akwai kuma nau'i na musamman. Misali shi ne nsutait, wanda aka raɗa wa sunan garin Nsuta na ƙasar Gana, inda ake haƙar manganis tun 1916. Sai a 1962 masana suka tabbatar da shi a matsayin ma'adini mai zaman kansa, kuma ya yi suna saboda dacewarsa da yin batir. A Afirka ta Kudu ma, duwatsu masu kyawun tsari daga mahaƙun Kalahari ana sayar da su ɗai-ɗai ga gidajen tarihi da masu tarawa. Wanda ya farfasa irin wannan ya zuba a buhu, ya karya darajarsa da hannunsa.

Ɗan kasuwa na iya yin gwajin farko da kansa. In maganaɗisu ya ja dutsen da ƙarfi, alama ce ta tama. In an goga shi a bayan tangaran ya bar jan layi, shi ma tama ne. Manganis yakan bar layi baƙi ko ruwan ƙasa, sau da yawa yana ɓata yatsu kamar gawayi. To, amma ido ba mudu ba ne. Bambance nsutait da 'yan uwansa sai da na'urar ɗakin bincike, irin na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya da ke Kaduna.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da kada su zuba jari a kan labarin dillali. A ɗebi samfuri daga wurare daban-daban na kayan, a karɓi sakamakon gwaji a rubuce, a kuma mallaki lasisin saye da ajiye ma'adinai kamar yadda dokar 2007 ta tanada. Kuɗin gwaji kaɗan ne in an kwatanta da asarar tirela guda ta dutsen da babu mai saye.