Makiyayi ko ɗan haya?

Duk shekara, mako uku bayan Ista, cocin Katolika kan yi abin da suke kira Lahadin Makiyayi Nagari. A ranar ana karanta babi na 10 na Linjilar Yohanna, inda Yesu ya kamanta kansa da makiyayi, mabiyansa kuma da tumaki. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari a Ghana, mu kuwa kusan 20. 'Ya'yanmu da yawa a makarantun mishan suke karatu, suna jin wannan wa'azi. To, ya kamata mu san me ake cewa.

Sau da yawa nakan ji wasunmu na dariya, wai mutum da hankalinsa ya yarda a ce masa tunkiya. Amma wanda ya duba maganar da kyau zai ga nauyin a kan makiyayi yake. Babin ya raba mutum biyu: mai garke, wanda ya san kowace tunkiya da sunanta, har yakan ba da ransa dominta, da ɗan haya, wanda da ya hango kyarkeci sai ya ranta a na kare, don albashi ya kawo shi. A Luka 15, mai tumaki 100 ya bar 99 ya bi sawun guda ɗaya da ta ɓata. A Ezekiyel 34 kuma an yi kaca-kaca da makiyayan da ke cin kitse su sa ulu, su bar garke da yunwa. Kalmar fasto ma asalinta makiyayi ce a Latin, shi ya sa a 2013 Paparoma Francis ya nemi limaman coci su riƙa ɗauke da warin tumakinsu.

Mabiyi shi ma bai tsira ba. A fahimtarsu, almajirin kirki shi ne wanda ya san muryar makiyayinsa, ba ya bin baƙo. Ke nan ba bin makanta ba ne.

Kan wane ne Annabi Isa (AS), mun saɓa da su, kuma babu ɓoye-ɓoye a nan. Amma awon shugaba da kiwo ba baƙo ba ne gare mu: hadisi ya tabbatar kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Lokacin da Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, bai bar addininsa a ƙofa ba, makiyayi ne ya je neman zaman lafiya wa garkensa.

Don haka tambayar ta dawo zango. Yaron da ya daina zuwa aji tun zangon karatu na farko, wa ya taka ya je gidansu? Yarinyar da aka cire daga makaranta ta koma talla, wane limami ko sarkin zango ya tambaya? Mu malamai muna kiran suna kowace safiya, mun fi kowa sanin wanda babu. Idan muka ja layi a rajista muka wuce, jama'a, sunanmu 'yan haya.

Kowane masallaci ya ƙirga yaran unguwarsa da suka bar makaranta, a sa mutum ya bi kowanne har gida kafin a koma hutu.