Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Ceci Daɓen Katako

Duk wanda ya lura da yadda ake gyaran tsofaffin gidajen gwamnati a unguwannin bariki na manyan garuruwanmu, ya san akwai wani tari da ake yawan gani a bakin ƙofa. Tarin nan kuwa na 'yan guntayen katako ne masu tsawon kamar taƙi guda, ƙasansu duk baƙar kwalta, waɗanda aka ɓamɓaro daga daɓen ɗaki domin a shimfiɗa tayil. Kafin kwana biyu masu tuyar ƙosai sun kwashe su sun yi makamashi. Mai gida yana murna ya shiga zamani, ɗan kwangila yana murna ya sami aiki, alhali kuwa dukiya ce aka cinna wa wuta, irin wadda ko da kuɗi a hannu da wuya a sake samun kamarta.

Wannan al'amari ya ƙara yawa tun daga shekarar 2003, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota, aka kuma shiga sayar da gidajen gwamnati. Ma'aikaci ya mallaki gidan da ya daɗe a ciki, to, dole ya so ya gyara abinsa, ba wanda zai ga laifinsa. Abin da muke cewa shi ne, daɓen katakon da ya dushe, ya yi baƙi, ya cika da ƙarzuna, galibi lafiyarsa ƙalau. Gugar sanfefa da shafe kawai yake bukata ya koma sabo.

ASALIN KATAKON

Ya kamata mai karatu ya san irin abin da ake zubarwa. A zamanin da aka gina gidajen nan da ɗakunan karatu da zaurukan taro na manyan makarantu, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka yi suna wajen fitar da katako. A garin Sapele, cikin Jihar Delta ta yanzu, kamfanin African Timber and Plywood ya kafa masana'antar da ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har gobe akwai wani jan katako mai daraja da kafintocin duniya suke kira da sunan garin nan. Ban da shi akwai loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, da dangin maɗaci, dukansu itatuwa ne da suka yi shekaru aru-aru a kurmi kafin gatari ya same su, shi ya sa naman jikinsu ya yi tauri, gara ma ba ta cika samun sa'arsu ba.

Kurmin nan ya ja baya ƙwarai. Tun a 1976 gwamnati ta ga alamar haka, ta hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba zuwa ƙasashen waje. A kwanan baya kuma mun ga abin da ya sami madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana lodi zuwa ƙasar Sin. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Nijeriya. Wanda ya shiga kasuwar 'yan katako a yau zai tarar da malaina da sauran itatuwa masu saurin girma sun fi yawa, sau da yawa ma ɗanye ake sayarwa. Saboda haka wanda ya ƙone daɓen loko da ya yi shekara 60 yana bushewa a ɗaki, ya yi asarar abin da ba ya mayuwa.

YADDA AKE AIKIN

Hujjarmu tana cikin kaurin katakon. Cikakken allon daɓe yakan kai kusan milimita 20, gugar sanfefa guda ɗaya kuwa, in gwani ne ya yi ta, abin da take ci bai fi kamar milimita ɗaya ba. Watau dattin da ƙarzunan da tsohon shafen duk a fatar sama suke, a ƙarƙashinsu akwai katako mai kyau da zai jure gugar sau da dama. Sai dai akwai sirara, irin 'yan ƙanana da ake jerawa kamar yatsu, masu kaurin milimita 8 ko kusa da haka. Waɗannan a yi musu a hankali. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaga guda ɗaya a auna kafin a soma.

Da farko sai a bi ɗakin a duba. Wanda ya saki a manne shi, wanda ya ruɓe a musanya shi, kuma nan ne amfanin ajiye waɗanda aka cire daga wani ɗaki yake. In allunan ƙusa ne, a dasa kan kowace ƙusa ya nutse ƙasa da fuskar katako, domin kan ƙusa ɗaya ya isa ya yage sanfefa, ya kuma fid da tartsatsi a cikin ƙura.

Sa'an nan a zo ga guga. Sanfefa lamba-lamba ce, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A fara da lamba 36 ko 40 don cire tsohon shafe da daidaita fuska, a koma 60, sai 80, a ƙare da 100 ko 120. Aikin kowace lamba shi ne ta share zanen da ta gabanta ta bari. Nan ne mai gaggawa yake faɗuwa: ya tsallake daga 40 zuwa 120, ya shafa hannu ya ji santsi, ya ɗauka ya gama. Ranar da aka zuba rini, duk zanen nan sai ya sha launi ya fito fili kamar zanen fuska. Dogayen alluna ana bin tsawonsu ne, watau yadda jijiyar itacen ta kwanta. Guntaye masu saƙar ƙashin kifi kuwa, tun da kowane ya fuskanci wani gefe, sai a bi su a karkace. Kada kuma a bar injin ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa, don nan take zai haƙa kwari. Bakin bango da kusurwa, inda babban inji ba ya kaiwa, sai ƙaramin inji da hannu.

Wajen toshe tsaga akwai abin da ya shafe mu musamman. Katako yana tsukewa da hunturu, ya kumbura da damina. Wanda ya cika kowace tsaga dam a watan Janairu, lokacin da ta fi buɗewa, in Agusta ya zo katakon zai matso abin da aka cusa waje, ko kuma daɓen ya yi tozo. Ƙananan tsagogi ana cika su da lallausan garin katakon da aka goge, a kwaɓa da gam ɗin da aka yi don haka, launi ya zo ɗaya. A bakin bango kuma a bar ɗan sarari don katako ya sami wurin numfashi.

RINI DA SHAFE

Mutane da yawa suna haɗa abu biyu da suka bambanta. Rini launi kawai yake ba katako, ba ya kare shi daga ruwa ko takalmi. Abin da ke karewa shi ne shafen da ake yi a sama, ko banish ko man katako. A ganinmu, loko da maɗaci da katakon Sapele ba su bukatar rini ko kaɗan. Loko in an goge shi yakan fito rawaya-rawaya, amma da kansa yake komawa ruwan ƙasa mai kyau in ya sha haske. A lafta masa baƙin rini daidai yake da a sami shadda mai tsada a tsoma ta a tukunyar baba. Rini ya fi dacewa da farin katako, ko wurin da aka yi faci ana son sabo ya saje da tsoho.

In za a yi rinin, a fara gwadawa a wani lungu, a bari ya bushe, a duba da hasken rana. A shafa kaɗan-kaɗan ana bin jijiyar itace, a goge rarar da tsumma tun ba ta bushe ba, kada kuma a tsaya a tsakiyar allo, don wurin da aka tsaya zai bar shaida. Bayan ya bushe sarai sai shafe, sau biyu ko uku, kowane siriri, ana ɗan bi da sanfefa mai laushi tsakaninsu. Loko yana da maiƙo a jikinsa, saboda haka a goge fuskarsa da tina kafin shafen farko don ya kama. A kuma rufe tagogin da ke fuskantar iska, domin ƙurar hunturu in ta sauka a kan ɗanyen banish ta zauna ke nan. Sannu ba ta hana zuwa: a ba daɓen 'yan kwanaki kafin a mai da kujeru.

Wajibi ne a faɗi haɗarin aikin, don yaran kafintocinmu sukan yi shi fuska buɗe. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta cikin hanci. Ƙurar loko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Tilas a sa takunkumi na ƙwarai, a fitar da yara daga gidan. In akwai tsohon fenti a kan katakon, yana iya ƙunsar dalma, kada a goge shi a bushe sai an bincika. Tsumman da ya sha man katako kuwa, in aka dunƙule shi aka jefar a kusurwa, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje, ko a tsoma shi cikin ruwa.

AMSA GA MASU SUKA

Za a ce katako ba ya son ruwa, mu kuwa mutanen bokiti da tsumma ne. Gaskiya ne. A ɗakin girki da makewayi, da duk inda danshi ke tasowa daga ƙasa, tayil ko siminti shi ya dace. Amma a falo da ɗakin kwana da ɗakin karatu, tsintsiya mai laushi da tsumma mai ɗan laima sun wadatar. Yana da kyau a tuna cewa a fadar Basai ta Faransa, wajen 1684, marmara aka cire aka sa katako, saboda yawan wanke marmarar yana ruɓar da azarar da ke ƙarƙashi. Kuma duk wanda ya taka tayil da asubar hunturu a Jos ko Zariya ya san abin da katako ya fi shi da shi.

Za a ce gara. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara danshi take bi, famfon da ke yoyo da magudanar da ta toshe su ne ƙofarta. Gidan da ba a gyara waɗannan ba, ko an sa tayil za ta hau ta ci ƙofofi da rufi.

Za a ce kuma wannan ɗabi'ar Turawa ce. A Ingila, gaskiya, masu tsofaffin gidaje sukan ɗage kafet su goge allunan da aka kafa tun zamanin Sarauniya Biktoriya, suna alfahari da su. A Kalaba ma gidan Razdan na katako da aka kawo daga Birtaniya a 1884 yana nan tsaye, ya zama gidan tarihi. Amma kula da daɓe ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu mata sukan yi gayya su zuba tsakuwa, su buga da madaɓi, su yayyafa ruwan makuba har daɓen ya yi duhu ya yi ƙyalli, in ya soma lalacewa kuma a sake bi. Wancan ma guga ne da rini da shafe. Abin da ya shigo mana daga baya shi ne raina abin hannu da ɗokin abin kanti.

Uzuri ɗaya da muka yarda da shi shi ne ƙarancin gwanaye da injuna. Sau da yawa mai gida yana so ya gyara, sai ya rasa wanda ya iya, ga mai tayil kuwa a kowane lungu.

KIRA GA HUKUMA

A watan Afrilu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 11, wanda ya shafi kula da gine-ginen gwamnati. To, ga wuri ƙarami da za a gwada ko maganar ta wuce takarda. Muna roƙon Ma'aikatun Ayyuka da sassan gine-gine na jami'o'i, kada su amince da takardar kwangilar da ta ce a fasa daɓen katako sai jami'i ya je ya auna, ya rubuta dalili. Inda fasawar ta zama dole, a cire guntayen a tsanake, a ƙirga, a kai sito don facin wasu gine-gine. Jami'in da ke riƙe da fayil ya san kwangilar fasawa ta fi ta gyara kauri, ya kuma san dalilin da ya sa wasu suka fi son ta. Amanar dukiyar jama'a tana hannunsa.

Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, da kwalejojin koyon sana'a, su ba wannan fanni muhimmanci a darasin kafinta. Makarantun da ke da irin wannan daɓe suna da wurin gwaji a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ɗalibin da ya ƙware a kansa, ya haɗa kai da 'yan'uwansa suka sayi inji ɗaya, ya sami sana'ar da ba ta da cunkoso.

Kai kuma mai gida, kafin ka kira masu guduma, ka sa a goge maka faɗin tabarma ɗaya a kusurwar falo, a shafa masa mai, ka dube shi da safe. In bai gamshe ka ba, tayil yana nan kasuwa, ba ya ƙarewa. Lokon da ke ƙarƙashin ƙafarka kuwa, in ya shiga murhu ya tafi ke nan.