Ku daina yi wa batirin robot bustin, wuta kuke kai wa ɗakin yara

Yau ƙorafi zan fara da shi kafin darasi. Da 'yan uwana masu gyara nake, da kuma duk wanda ya kalli bidiyo ɗaya a YouTube ya wayi gari injiniya.

Makon jiya wani bawan Allah ya zo shagona da ɗansa, yaron bai wuce shekara 12 ba. Shi da kansa ya haɗa ɗan robot ɗinsa, irin mai taya biyu da allon Arduino a sama, yana aiki da batir 18650 guda biyu. Robot ya daina ɗaukar caji, sai suka kai wani wuri. Mai gyaran ya yanke ɗan allon kariyar da ke jikin batiran, wanda muke kira BMS, ya jona musu wuta kai tsaye wai su farfaɗo. Robot ya tashi, ya yi kwana uku yana yawo, ya sake mutuwa. Da na buɗe, ledar jikin batir ɗaya ta narke ta gefe, ga wani wari.

Uban ya ce min, "Malam, ai wancan a minti biyar ya tayar da shi." Na ce, "Alhaji, a ina ake jona shi da dare?" Ya ce a ɗakin yaran, gefen katifa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Gaskiyar magana, wannan ba gyara ba ne. Batirin litiyom irin 18650 ƙarfinsa 3.7V ne, idan ya cika 4.2V, kuma ba a so ya sauka ƙasa da 2.5V. Aikin BMS shi ne ya datse wuta idan batir ya cika, ko ya sauka da yawa, ko aka samu shot. Idan ya ƙi barin caji ya wuce, sau da yawa gargaɗi yake maka cewa akwai matsala. Kai kuma ka yanke shi ka jefar. Mai gadi ya yi ihun ɓarawo, ka kori mai gadin don ka samu barci.

Batirin da ya daɗe a ƙasa da 2V cikinsa ya riga ya lalace. Jan ƙarfen da ke ciki yana narkewa, idan ka tura masa caji sai ya sake taruwa inda bai kamata ba, ya iya haɗa shot daga ciki. Daga waje ba za ka ga komai ba. Mita za ta nuna maka 4V ka yi murna, alhali ka ajiye garwashi ne a aljihu.

Na san amsar da za a ba ni: "Ai kullum muna yi wa batirin waya bustin, me ya faru?" Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma batirin waya yana da allon kariyarsa a jiki, kuma wayar tana lura da zafinsa, ta rage caji ko ta tsayar. Robot ɗin da yaro ya haɗa da gam da salatif, wa ke lura da shi? Kuma ko waya ai ba ta tsira ba. A 2016 Samsung, da kuɗinsu da injiniyoyinsu, sai da suka janye Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda batir yana kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita. A shekarar dai aka janye allunan hawa masu taya biyu na lantarki sama da 500,000 a Amurka saboda matsalar batir. Mu da ayan soda da fitilar waya ne za mu fi su sanin litiyom?

Wani zai ce talauci ne, mutum ba shi da kuɗin sabo. Na yarda abubuwa sun yi tsada. To amma ka kwatanta kuɗin batir biyu da kuɗin katifa, labule da rufin ɗaki. Ban ma yi maganar fatar yaro ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, yawancin robot da motocin wasan da ake kawo min "ba sa caji", batirin lafiyarsa ƙalau. Ga abin da ya kamata a duba, bi da bi:

1. Kebul da caja. Canza kebul tukuna. Da yawa daga cikin ƙananan na'urori masu arha da ke da ramin USB-C ba a sa musu resisto biyu na 5.1k da caja ke nema kafin ta saki wuta ba. Idan ka jona kebul mai kai C ta ko'ina, shiru za ka ji. Sa kebul mai faffaɗan kai na USB-A ta ɓangaren caja, sai ka ga fitila ta kama. Haka fawabank, wasu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan.

2. Karanta jikin batir. Idan an rubuta NiMH, kowane ɗaya 1.2V ne, cajarsa daban da ta litiyom, kar a haɗa. Idan litiyom biyu ne a jere, 7.4V ke nan, cikarsu 8.4V. Ɗan allon caji na TP4056 da kowa ke saya batir ɗaya kawai yake cajawa, zuwa 4.2V. Ba zai cika biyu a jere ba ko za ka kwana kana jira. Cajar 12V ta wata na'ura kuma, don bakinta ya shiga ramin ba yana nufin tasa ba ce.

3. Auna kowane batir shi kaɗai da mita. Sama da 3V, a ci gaba da bincike a wani wuri. Ɗaya 4V ɗaya 2V, ga mai laifin nan, kuma biyun za a canza tare. Ƙasa da 2V, ko ya kumbura, ko yana yoyo, ko yana zafi ba a aiki, ya gama. A naɗe bakinsa da salatif, a ajiye nesa da wuta, kar a jefa shi a bolar da ake ƙonawa.

4. Duba soda da makunni. Robot yana gudu yana karo da bango, waya takan tsinke a cikin roba, ramin caji yakan girgiɗe. Kuma a kashe robot kafin a jona. Idan yana kunne yana jan wuta, TP4056 ba ya gane batir ya cika, fitila ja ba za ta sauya ba.

5. Idan yana cika amma minti biyar ya mutu, duba abin da aka rubuta. 18650 na gaske ba ya wuce wajen 3500mAh. Wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, ɗaga shi ma za ka ji ba nauyi.

Sai zafi. Ba a son cajin litiyom idan zafi ya wuce digiri 45. A watan Afrilu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri suna haura 40 a inuwa, to ina ga cikin mota ko ɗakin kwano da rana tsaka? A yi caji a kan siminti, a inuwa, ido na kai. Ba a kan katifa ba, ba a bar shi ya kwana ba don an kawo wuta ƙarfe biyun dare.

Robot ɗin yaron nan, kun san asalin ciwonsa? Waya ɗaya ce ta tsinke a bayan ramin caji. Shi ya sa batiran suka yi ta sauka har BMS ya kulle. Aikin soda na minti biyu ne da an auna. Yanzu sai da uban ya sayi batir biyu da sabon BMS.

'Yan uwana masu gyara, idan ba ka da mita, ka ce ba ka da ita. Idan ba ka san nau'in batirin ba, ka tura shi gaba, ba abin kunya ba ne. Ku kuma iyaye, duk mai gyaran da ya ce zai cire allon kariya don caji ya yi sauri, ku karɓi kayanku ku tafi.

Wanda yake ganin na yi kuskure, ya zo da hujjarsa mu tattauna. Amma ya taho da mita.