Nasiha Ga Malamai Da Fatake A Kan Ciwon Sukarin Yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, akwai wani al'amari a makarantun allo na ƙasar Illo, daga Bagudo har Lolo da Tsamiya, wanda ya wajaba masu ilimi su dube shi da idon basira. Yaro da ya daɗe da barin fitsarin kwance sai ya koma yi. Ya sha ruwa bai ƙoshi ba, ya ci abinci yana ramewa, tururuwa ta taru inda ya yi bawali. Sai a sa masa bulala, a ce ƙazanta ce ko lalaci. In ya kwanta, a ce sammu ne, ko a ce jinin uwarsa ne ba shi da kyau. Duk wannan zalunci ne, ko da ba da nufi aka yi shi ba.

Ga yadda likitoci suka gano lamarin. Allah Ya sanya wa jiki dakaru masu yaƙi da cuta. Kamar yadda ma'aikatan kan iyaka a Lolo suke duba takarda su bambanta ɗan ƙasa da baƙo, haka dakarun nan suke duba wata shaida da ke jikin kowace tsoka. Shaidar nan gado ce, rabi daga uba, rabi daga uwa, likitoci sun laƙaba mata suna HLA. A shekarun 1973 da 1974 masu bincike a Kanada da Danmak suka nuna cewa wasu nau'o'inta sun fi yawa ga masu wannan ciwo. Ga mai irin wannan gado, dakarun suna iya ruɗewa su afka wa wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda take yin insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin abinci cikin jiki. In ta lalace, sukari ya taru a jini ya fita ta fitsari, yaro yana yunwa alhali cikinsa cike.

Mai hankali ya lura da abu uku. Na farko, wannan ba ciwon sukarin manya ba ne mai zuwa da ƙiba da shekaru, kuma ba shan rake ko alewa ke kawo shi ba. Na biyu, gadon sababi ne kawai, ba hukunci ba: mafi yawan masu ɗauke da shi har su tsufa ba su kamu ba, kuma tagwaye masu kama ɗaya sau da yawa ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira. Kusan tara cikin goma na yaran da suka kamu babu mai ciwon a gidansu. Na uku, binciken Turai da Amurka ya nuna ɗan uba mai ciwon ya fi ɗan uwa mai ciwon haɗarin kamuwa. To, da wace hujja za a muzanta mace, ko a sake ta, saboda abin da Ubangiji Ya ƙaddara daga tsatso biyu?

Kafin 1921 wannan ciwo ba ya barin yaro. A shekarar nan Banting da Best suka fitar da insulin a birnin Toronto, a farkon 1922 aka yi wa wani yaro allurarsa ya farfaɗo. Neman magani kuwa ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar nan, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littattafai a kan magunguna.

Saboda haka malamin da ya ga alamun nan ya ajiye bulala, ya aika wa iyaye, a kai yaro asibiti a ranar, a gwada jininsa da ɗigo ɗaya. In ya fara amai da haki da magagi, to dare ɗaya ma jinkiri ne, a garzaya da shi ko da zuwa Birnin Kebbi ne. A yi addu'a, a ba da rubutu, amma kada a tsayar da allura, kada kuma a tilasta masa azumi, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Su kuma fatake masu ƙetara iyakar Binin, su sani insulin zafin rana yana kashe ƙarfinsa. Wanda aka aika ya sayo amana ya ɗauka: ya saya inda ake ajiye shi cikin sanyi, ya kiyaye shi daga rana, a gida kuma in babu firji a sa shi cikin mazubi rufaffe a gindin randa. Wanda ya sayar da lalatacce don riba, da ran yaro ya yi ciniki.

Allah Ya tsare 'ya'yan Musulmi, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin. Tamat.